ILMIN TAFIYAR DA AIKIN KWAMFUTA A MA'AIKATU

Idan aka tara ɗaliban makarantarmu aka tambayi kowa abin da yake so ya zama bayan ya gama karatu, amsoshin ba za su wuce huɗu ko biyar ba. Wani zai ce soja, domin kuwa ƙasar Zuru ta daɗe da yin suna wajen aikin soja, har ta haifi manyan hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojojin ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999. Wani zai ce likita, wani lauya, wani kuma malamin gona, musamman da yake tun 2020 aka ɗaga Kwalejin Aikin Gona ta garin nan ta zama Jami'ar Tarayya. Duka waɗannan ayyuka ne masu daraja, ba mai kushe su.

Amma akwai wani fanni na ilmi da ban cika jin ana ambatonsa a tsakaninmu ba, alhali kuwa albashin iyayenmu, da fanshon kakanninmu, da sakamakon jarrabawarmu duk sun rataya a wuyan masu shi. Wannan fanni shi ne ilmin tafiyar da aikin kwamfuta a ma'aikatu, wanda galibi akan zurfafa a cikinsa a matakin digiri na biyu. Nufina a wannan rubutu shi ne in bayyana ko mene ne shi, da abin da ake koyarwa a ciki, da hanyar da ɗalibi zai bi ya kai gare shi.

Mene Ne Wannan Ilmi?

Bari mu yi misali da kamfanin sufuri mai motoci ashirin. Akwai direba mai tuƙi, akwai makanike mai gyara. Sannan akwai mutum na uku, wato manaja. Shi ne mai yanke shawarar irin motar da za a saya, wadda za ta iya jure wa hanyar ƙauye da damina. Shi ne mai ƙididdige kuɗin mai da na taya, da sanya ranar da kowace mota za ta shiga gareji, da tanadin abin da za a yi idan mota ta mutu da fasinjoji a tsakiyar daji. Idan babu wannan manaja, ko kuwa akwai shi amma bai san aikinsa ba, to kamfanin zai durƙushe ko da direbobinsa da makanikansa gwanaye ne.

Haka abin yake a sha'anin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Akawun da ke shigar da sunaye da lissafi kamar direba yake. Injiniya mai gyaran na'ura, da mai rubuta manhaja, wato jerin umurnin da na'ura ke bi ta yi aiki, su ne a matsayin makanike. Shi kuwa wanda ya yi ilmin da muke magana a kai, shi ne manaja. Dole ya san harshen injiniyoyi don kada su ruɗe shi da manyan kalmomi, kuma dole ya san harshen shugabannin ma'aikata, da ma'aji, da leburori, da talakan da ke tsaye a bakin taga yana jiran a biya masa bukata. A taƙaice, shi gada ne tsakanin na'ura da mutane.

Asalin Abin

Wani abin mamaki shi ne, kamfanin da ya fara sanya kwamfuta a aikin ofis na yau da kullum ba kamfanin injiniyoyi ba ne. Kamfanin Lyons ne na ƙasar Ingila, mai shagunan shayi da gidajen burodi. Manajojinsa sun ga lissafi ya yi wa akawunansu yawa, sai suka tura mutum biyu Amurka a 1947 su dubo sababbin dabaru. Da suka dawo aka haɗa kai da masanan Jami'ar Kambirij, kamfanin ya ƙera tasa na'urar mai suna LEO, ta fara aiki a 1951. Zuwa 1954 har lissafin albashin ma'aikata take yi. Abin lura a nan shi ne, masu sanin aikin ne suka nemo na'ura don ta warware musu matsalar da suka riga suka fahimta.

Da kwamfutoci suka yawaita a bankuna da kamfanoni, sai aka ga akwai giɓi. Injiniya ya san na'ura bai san kasuwanci ba, manaja ya san kasuwanci bai san na'ura ba. Don cike wannan giɓi ne jami'o'i suka ɓullo da fanni na musamman. Jami'ar Minasota ta Amurka na cikin na farko, inda aka buɗe irin wannan karatu a 1968. Daga nan ya bazu a duniya.

Me Ya Sa Muke Bukatarsa?

Mai karatu ya duba irin canjin da aka samu a ƙasar nan cikin ɗan lokaci. A 2001 wayar salula ta shigo, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar zamani. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na bai-ɗaya da ake kira IPPIS. A 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, aka ajiye fensir da takarda. A ƙarshen 2020 aka umurci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Yau ko mai sayar da hatsi a kasuwar Zuru yakan karɓi kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS.

Idan an tafiyar da irin wannan aiki da kyau, amfaninsa ba ya misaltuwa. Alal misali, a watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga takardar albashi, bayan an gwada sunayen da lambobin BVN. Wannan ya rage wa gwamnati fiye da Naira biliyan biyu a kowane wata. Na'ura ba ta yi wannan da kanta ba. Wani ne ya yi tunanin a haɗa bayanan banki da na albashi a gani ko za su dace.

Idan kuwa aka yi sakaci, ɓarnar ma ba ta misaltuwa. A watan Mayu na 2025, bayan fitowar sakamakon jarrabawar JAMB, ɗalibai da iyaye suka yi ta kuka cewa makin da aka ba su ba nasu ba ne. Da aka bincika, shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, wanda ya shafi ɗalibai 379,997. Dalili kuwa shi ne an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai shiga wasu na'urorin yadda ya kamata ba. Dole aka sake wa waɗannan ɗalibai jarrabawa. Mu da muke shirin zama wannan jarrabawa nan gaba kaɗan mun san abin da wannan yake nufi ga yaron da ya kwana yana karatu da fitila.

Kada a ce abin a ƙasarmu kaɗai yake. A Ingila, gidan waya ya sanya wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999. Manhajar tana da kurakurai, takan nuna kuɗi sun ɓace alhali ba su ɓace ba. Maimakon shugabanni su binciki na'urar, sai suka gaskata ta suka ƙaryata ma'aikatansu. Daga 1999 zuwa 2015 aka hukunta masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata da maguɗin lissafi, aka ɗaure wasu, wasu suka rasa gidajensu da mutuncinsu. Sai a 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta soke hukuncin. A nan za mu ga cewa jahilcin shugaba game da na'ura yana iya kai marar laifi kurkuku.

Abin Da Ake Koyarwa

Darussan sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginshiƙansu kusan ɗaya ne. Zan kawo su tare da misali daga makarantar kwana irin tamu, domin ita ma ma'aikata ce, tana da ofishin shugaba, da na ma'aji, da na jarrabawa, da sito, da ɗakin shan magani.

Na farko shi ne nazarin yadda aiki yake tafiya. Kafin a sayi ko da na'ura ɗaya, sai mutum ya bi fayil daga tebur zuwa tebur ya ga wa ke sa hannu, ina yake daɗewa, kuma me ya sa. Idan mai sito yana fitar da buhun shinkafa ba tare da an rubuta ba, to sayo masa kwamfuta ba zai gyara komai ba. Abin da ka shuka shi za ka girba. In ka zuba wa na'ura hargitsi, hargitsi za ta ba ka, sai dai ta fi akawu saurin bayarwa.

Na biyu shi ne tsara rumbun bayanai. A ce an rubuta sunan ɗalibi ɗaya iri uku, daban a rajistar aji, daban a ofishin jarrabawa, daban a ɗakin shan magani. Mutum zai gane yaro ɗaya ne, amma na'ura za ta ɗauka yara uku ne. Saboda haka akan koyi yadda za a ba kowa lamba ɗaya, a ajiye bayaninsa wuri ɗaya, kowane ofis ya ɗebi abin da ya shafe shi daga nan. Da yawa daga cikin wahalar da jama'a ke sha a bankuna kan bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin BVN da NIN daga irin wannan ta samo tushe.

Na uku shi ne kasafin kuɗi da kwangila. Kwamfuta kamar doki take, sayensa ba shi ne wahala ba, ciyar da shi ne. Akwai kuɗin wuta, ko man janareta, ko faifan hasken rana da batura. Akwai kuɗin intanet, da na gyara, da na horar da ma'aikata, da na sabunta izinin manhaja. Wanda bai lissafa waɗannan tun farko ba, shi ne za ka ga ya cika ɗaki da na'urori, an yi bikin buɗewa, bayan shekara ɗaya ƙura da yanar gizo-gizo sun rufe su. Haka kuma akan koyi yadda ake rubuta yarjejeniya da ɗan kwangila, don kada ya karɓi kuɗi ya tafi da mabuɗin aikin a aljihunsa.

Na huɗu shi ne tsaro. Wa ke da izinin canza makin ɗalibi, kuma in ya canza ta yaya za a gane? Ina aka ajiye kwafin bayanai, don ko gobara ta tashi ko ɓarawo ya shiga? Yaya za a kare ma'aikata daga masu kutse da 'yan damfara? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar nan.

Na biyar, wanda a ganina ya fi duka wuya, shi ne tafiyar da jama'a. Tsohon akawun da ya shekara ashirin da biro da rajista yana tsoron na'ura za ta raba shi da abincinsa, sai an lallashe shi an koya masa. Akwai kuma wanda yake cin moriyar hargitsin, shi ba zai taɓa son a gyara ba. Wani lokacin ma masu ƙin tsarin suna da hujja. Malaman jami'a sun daɗe suna cewa IPPIS bai dace da yanayin aikinsu ba, batun ya shiga cikin dalilan yajin aikinsu na 2020 da na 2022, har a ƙarshen 2023 gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Da an zauna an fahimci juna tun farko, da wataƙila ɗalibai ba su yi asarar watanni a gida ba.

Na shida shi ne doka da amana. A 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta wajabta wa manyan ma'aikatu masu riƙe bayanan mutane su naɗa jami'i mai kula da kiyaye su. Wanda aka damƙa wa sirrin lafiyar mutane ko na asusunsu, in ba shi da tsoron Allah, ilminsa musiba ne. Daga ƙarshe ɗalibi yakan yi bincike a kan wata matsala ta gaske, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai.

Me Ya Sa Sai A Digiri Na Biyu?

Mutanen Zuru ba sa bukatar dogon bayani a nan, domin sun san yadda soja yake. Ba a ɗaukar sabon hafsa a kai shi Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976. Sai ya yi shekaru a bariki da fagen fama, ya san halin sojojin da ke ƙarƙashinsa, sannan a tura shi ya koyi tsara runduna. To haka wannan karatu yake. Digiri na farko yakan ba mutum sana'a, ko ta kwamfuta, ko ta akanta, ko ta injiniya, ko ta mulki. Digiri na biyu kuwa yakan koya masa jan ragamar masu sana'o'i dabam-dabam. Shi ya sa za ka tarar aji ɗaya ya haɗa ma'aikacin banki, da jami'in asibiti, da malamin makaranta, kowa yana kawo matsalar wurin aikinsa ana tattaunawa. Wanda ya taɓa aiki ya fi cin moriyar irin wannan aji.

Hanyar Zuwa Can

Tafiyar daga aji take farawa. Dole ɗalibi ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Lissafi da Turanci, kuma mai son karanta kwamfuta ya riƙe darussan kimiyya da kyau. Sai jarrabawar JAMB, sai digiri na farko na shekara huɗu ko biyar. Ana karanta kimiyyar kwamfuta a nan jiharmu, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013. Akwai kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Bayan digiri sai hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, sannan a nemi digiri na biyu, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Yawancin jami'o'i sukan bukaci sakamako mai daraja ta biyu. Wanda ya bi ta kwalejin fasaha ya sami babbar difloma, yakan fara yin wata difloma ta share fage kafin a karɓe shi. Sunan digirin yakan bambanta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da digiri na biyu kan sarrafa bayanai, Jami'ar Legas tana da na fasahar bayanai, haka ma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, wadda ma'aikaci zai iya yi ba tare da ya bar aikinsa ba. Game da kuɗin karatu, hukumar NITDA ta sha ba da tallafin digiri na biyu da na uku a wannan fanni, asusun TETFund kuma yakan ɗauki nauyin malaman manyan makarantu.

'Yan Arewa sun bi wannan hanya sun kai. Farfesa Isa Ali Pantami ya karanta kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ya yi digiri na uku a Jami'ar Robert Gordon da ke Aberdeen, ya shugabanci NITDA daga 2016, sannan ya zama ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023. Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya gaje shi a NITDA a 2019, shi ma a jami'ar ta Bauchi ya yi karatu.

Idan aka haɗa lissafi, huɗu da ɗaya da biyu, za a sami shekara bakwai bayan sakandare. Wani zai ce abin ya yi nisa. Amma a al'adar Dakarkari ta gargajiya, saurayi yakan yi golmo, wato noma a gonar surukansa, har shekara bakwai kafin a ba shi mata, cikin rana da ruwan sama, ba ya gajiyawa. Jikokin waɗanda suka yi wannan juriya bai kamata shekara bakwai a kan benci ta ba su tsoro ba.

Amfaninsa Ga Ƙasar Zuru

Masarautar Zuru tana da ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru, da Fakai, da Danko-Wasagu, da Sakaba. Kowace tana da sakatariya, da asibitoci, da makarantu, da takardun albashi da na haraji da na filaye. Ga sabuwar jami'a, ga bankuna, ga ƙungiyoyin manoma, ga ɗimbin tsofaffin sojoji masu karɓar fansho, waɗanda harafi ɗaya in ya kuskure a sunansu sai kuɗinsu ya tsaya. Duk waɗannan wurare sannu a hankali suna komawa kan na'ura, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Kuma ɗan gida yana da abin da baƙo ba shi da shi. A 2012, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan gona, an fito da tsarin raba takin gwamnati ta hanyar aika wa manomi saƙo a waya. Dabarar tana da kyau, domin ta rage hannun 'yan tsakiya. Amma a ƙauyuka da dama an sha fama da rashin sabis, ga manoman da ba su da waya, ga waɗanda ba su iya karanta saƙon ba. Wanda ya tashi a karkara ya san inda sai an hau tudu ake samun sabis, ya san lokacin da rafi ke yanke hanya, ya san harshen da tsohuwa za ta fahimta. Idan ya haɗa wannan sani da ilmin jami'a, tsarin da zai yi zai fi zama daidai da mutanensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, da kada mu ɗauka iya latsa waya shi ne sanin kwamfuta. Mu riƙe Lissafi da Turanci, mu shiga ɗakin kwamfuta duk lokacin da aka buɗe shi, mu kuma koyi riƙon amana tun daga ɗan muƙamin da aka ba mu a aji ko a ɗakin kwana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon malamanmu masu ba da shawara kan zaɓen sana'a su riƙa sanya wannan fanni cikin waɗanda suke bayyana mana. Ina kuma roƙon hukumomi, duk lokacin da za su ware kuɗin sayen na'urori, su ware na horar da waɗanda za su tafiyar da su, kuma su tuna da 'ya'yan talakawa wajen ba da tallafin karatu mai zurfi.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.

Daga ɗalibin Aji Biyu na Babbar Sakandare.